Baunar da Baba ya yanka

Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya yara da garke? Mu nan Doha sai zafi.

Jiya ina tuƙa kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, zuwa Aziziya, ya miƙo min hoton wata gona a Amurka. Wai sun haɗa shanu da baunar ƙasarsu, suna kiwon 'ya'yan don nama. Wallahi sai da na taka burki. Na tuna marainiyar baunar da marigayi Baba ya raina cikin shanunmu da wannan niyyar, ana ta kiransa mahaukaci, har ya yanka ta.

Na roƙi hoton, ya bar min. Ga shi a aljihuna, amma wanda nake son nuna wa ba ya nan.

A gai da Inna. Ku yi wa Baba addu'a, ku haɗa da ni.

Ƙaninka,
Habu