Gurbin da Ke Hagunki a Hoto

Wasiƙa ta farko

Zuwa ga matata, Sista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya marasa lafiyarki, ya kuma ciwon ƙafar nan da tsayuwa take tayar miki? Mu nan lafiya lau muke. Umma tana gaishe ki, ta ce ki daina cin abinci a tsaye.

Na san za ki yi dariya idan kika ga ambulan da rubutun hannuna, alhali jiya-jiyan nan muka yi magana a waya. Ba zan ɓoye miki ba, lauyar da kika haɗa ni da ita ce ta sa ni. Ta ce ofishin biza ba ya tsayawa a kan takardar aure kaɗai. Tunda shekara biyu ke nan kina can kina aikin jinya ni ina nan, sai mun nuna musu cewa auren na gaske ne, ba dabarar shiga ƙasa ba. Wai wasiƙa mai kan sarki da tambarin gidan waya tana da nauyi a wurinsu. Saboda haka ki adana wannan har da ambulan ɗinta. Na ji kunya ƙwarai da na ɗauki biro. Shekara biyar da aure, wasiƙar farko da zan rubuto miki sai da wata ta ba ni umarni.

Ta lissafa mini abubuwan da ake so: jerin kiran waya, saƙonnin da muke tura wa juna, takardar shaida daga wani ɗan'uwa, da hotunanmu tare, aƙalla goma, na lokuta daban-daban. Da ta ambaci hotuna har murmushi na yi, na gyara zama. Ni da nake da shagon hoto, a tambaye ni guda goma?

Na koma shago na janyo ƙofa na buɗe kwamfuta. Sista, hotunanki sun haura dubu uku. Ga ki kina shanya, ga ki kin yi barci a kan littafin karatu da biro a hannu, ga ki kina hararata don na ce ki ƙara juyowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya ƙage. A cikinsu duka guda ɗaya tal ne nake ciki, na ranar da muka karɓo takardar aure. Kin tuna yayanki ya miƙo hannu zai ɗauke mu na hana shi, na kafa kyamarar a kan ƙafarta na saita ta ta ɗauka da kanta, na ruga na tsaya kusa da ke. Ke kin fito ras. Ni kuwa na fito kamar hayaƙi, rabin kaina a waje.

Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Ni ne ba na yarda wani ya taɓa mini kyamara, ni ne kuma nake hana a ɗaga waya a gabana, ina cewa hoton waya ba hoto ba ne.

Saƙonnin ma na buga su a takarda na kai mata. Naki dogaye, nawa kuwa daga "to" sai "na gani" sai "ina wurin aiki". Lauyar ta yi ta juya shafi, ni kuma na yi ta kallon fankar ofishinta. Amma kada ki damu da maganar hotuna, zan san abin yi.

Ki gaishe da ƙawarki da kuke ɗaki ɗaya. Ki huta lafiya.

Naki,
Mai Hoto

Wasiƙa ta biyu

Zuwa ga Sista,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Ban san ko kina lafiyar ba, don yau kwana tara ba ki ɗauki wayata ba. Umma tana ta tambayarki, ina ce mata aiki ne ya yi miki yawa. Ta kalle ni irin kallon da take mini tun ina yaro idan na fasa abu na ɓoye.

Wannan wasiƙar kada ki saka ta a fayil. Taki ce ke kaɗai.

Kin san sana'ata. A mako sai mutum biyu ko uku sun zo a goge musu ƙuraje, a rage musu tumbi, ko a saka musu mahaifin da ya rasu a cikin hoton iyali. Na saba har ba na ganinsa a matsayin ƙarya. Da na rasa hotunanmu tare, sai zuciyata ta ce mini ai aikin awa uku ne. Na shiga neman hoton da zan iya shiga, na faɗa a kan na ranar da aka yaye ku daga makarantar jinya, wanda yayanki ya ɗauka da waya. Kina sanye da doguwar rigar yaye, takardar shaidarki a ƙirji, Mamanki a damanki, a hagunki kuma fili ne, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Na yi murna da na gan shi.

Na saka shuɗiyar rigar nan da kike so, na saita fitilun shago yadda hasken zai zo daga gefe ɗaya kamar na ranar, na ɗauki kaina. Na yanke, na manna, na zana inuwata a ƙasa ta kwanta tare da taki, har na rage kyawun nawa hoton don ya dace da na waya. Da na gama na jingina a kujera ina yaba hannuna. Wallahi ko wanda ya koya mini aiki ba zai gane ba. Sai na cusa shi cikin sauran takardun na tura miki, ban ce miki komai ba.

Amsarki layi ɗaya ce, ina da ita a waya, kullum sai na duba ta: ba ka zo ba ranar.

Gaskiya ne, ban zo ba. Na yi miki alkawari tun saura wata guda. Da safen ranar aka kira ni ɗaukar hoton buɗe wani sabon kanti, na ce miki awa ɗaya ne zan same ku a can. Mai kantin ya makara, jawabi ya yi tsawo, ni kuma na kasa ajiye kyamara in tafi. Da na iso makarantar ana tattara kujeru ne. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan ranar ba. Abin da na yi da kika nuna mini hoton a gida, cewa na yi yayanki bai iya ɗauka ba, ya tura ki gefe ya bar rabin hoto a banza. Yanzu ga shi na ɗauki ranar da na fi ɓata miki rai na liƙa fuskata a ciki ina murmushi.

Na gaya wa lauyar. Ta cire tabarau ta ce da hoton ya shiga ofishin aka gano, da an rufe mini ƙofa na shekaru, ke ma a sa miki ido a wurin aiki. Duk da haka, ko rabin shirunki abin bai dame ni ba. Na goge hoton daga kwamfuta da katin kyamara. Idan kin ga a dakatar da maganar bizar, ba zan yi musu ba. Ki dai ɗauki waya ko da zagina za ki yi.

Ina gaishe ki da kyau.

Mijinki mai laifi,
Mai Hoto

Wasiƙa ta uku

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Umma ta ji daɗin kiran da kika yi mata, ko da yake ni ba ki nemi a ba ni ba. Na cancanci haka.

Saƙonki ya iso ranar Talata. Ma'aikacin gidan waya ya same ni ina ɗaukar wata mata hoton fasfo, na sallame ta da sauri na yage ambulan ina tsaye. Hotuna goma sha ɗaya, duk ni na ɗauke su, duk naki ne, kuma kowanne kin zagaye wani wuri da jan biro. Da farko ban gane ba, sai da na kai su ƙarƙashin fitila.

A na farko ga ni a madubin kabad, kyamara ta rufe mini fuska, kina ɗaura ɗankwali. A wani ga ni ɗan ƙarami a jikin butar shayi, kaina ya yi faɗi kamar faranti. Ga ni a gilashin tagar mota, ga ni biyu a cikin tabaranki, ga inuwata doguwa ta kwanta har kan ƙafafunki a bakin ƙofar gidanmu. Ni da nake taƙama da ido, ban taɓa lura da ko ɗaya ba. Da na lura ma gogewa zan yi, don a wurinmu irin wannan kuskure ne. Kin rubuta cewa su kika zaɓa kika tafi da su tun farko, don su kaɗai ne muke tare a ciki.

Na sha biyun shi ne hoton ranar yaye, na asali. Na karanta abin da kika rubuta a bayansa sau ba adadi. Kin ce yayanki ya iya ɗaukar hoto sarai. Sau uku yana ce miki ki matso tsakiya kina ƙi, kina cewa a bar wurin, yanzu zan shigo. Na ɗauko gilashin da nake duba hoto da shi na kalli idanunki. Ba kyamara kike kallo ba, ƙofar shiga kike kallo. Awa uku na yi a kan hoton nan ina auna haske da inuwa, ban ga inda idonki yake ba.

Sista, ki yafe mini. Na makara da shekara huɗu wajen faɗin wannan, amma ki yafe mini ranar, ki yafe mini abin da na ce a kan hoton, da abin da na yi masa daga baya. Na rufe shago ran nan ban iya ɗaukar kowa ba.

Jiya na je wurin yayanki neman takardar shaida. Na shiga ofishinsa kaina a ƙasa, don na san kin gaya masa. Bai tayar da maganar ba. Ya sa aka kawo mini shayi, ya rubuta takardar a gabana, ya sa hannu. Da zan fita ne ya tambaye ni ko yanzu an yarda ya riƙa ɗaukar hoto da waya. Na rasa inda zan sa fuskata, shi kuwa ya yi ta dariya har da buga tebur.

Ki sanar da ni ko in ci gaba da haɗa fayil. Sai abin da kika ce.

Naki har kullum,
Mai Hoto

Wasiƙa ta huɗu

Zuwa ga Sistata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, an kuma ba ki hutun da kika nema. Mu nan sai godiya. Tun ranar da kika ɗauki wayata nake cin abinci kamar mutum.

Umma har yanzu tana alfahari da aikinta. Duk wadda ta shigo gidan sai ta nuna mata hoton da ta ɗauke mu da wayarta, ni a zaune a falo na kara tawa wayar kusa da kumatuna, ke a ciki ta kiran bidiyo, cikin fararen kayan aiki kina dariya. Ya karkace, yatsanta ya rufe kusurwa ɗaya, hasken taga ya cinye mini goshi. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in gyara shi, na daure. Haka na wanke shi na saka a fayil.

Yau da safe na kai komai ofishin biza. Zaure ne mai kujeru a jere, an ba kowa lamba, kowa ya rungume fayilinsa ba mai kallon wani. Da aka kira tawa suka ɗauki zanen yatsuna, suka zaunar da ni gaban kyamara, wani saurayin ma'aikaci ya ce in ɗaga haɓa in daina motsi. Maganar da nake gaya wa mutane kullum ke nan, ban san haka take da zafi ba.

Akwai abin da na yi ban shawarce ki ba. Lauyar ta ce hoton yaye ba shi da amfani tunda ba na ciki, na ce a bar shi. Na saka shi a shafin farko, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa gurbin da ke hagun matata nawa ne, ta ajiye mini, ban zo ba.

Matar da ta yi mini tambayoyi ta bi hotunan jan biro ɗaya bayan ɗaya, har ta kusantar da na butar shayi ga idonta. Ta tambayi lokacin da kike tashi daga aiki da sunan sashen da kike, na amsa, don a makonnin nan na koma na karanta saƙonninki na shekara biyu daga farko har ƙarshe, abin da ban yi da kyau ba lokacin da suke zuwa. Sannan ta dawo shafin farko ta daɗe a kai. Ta tambaye ni ina nake a ranar. Na gaya mata ina ɗaukar hoton wani yana yanka zaren buɗe sabon kanti.  Ta rubuta wani abu, ban ga komai a fuskarta ba, ta ce a saurari amsa nan da mako takwas.

Ban san abin da za su yanke ba. Wataƙila inuwa da madubi ba za su ishe su ba, kuma idan sun ƙi, ni na jawo mana. Zan sake nema, zan kuma ci gaba da rubuto miki ko ba wanda ya sa ni.

Idan kuwa Allah ya sa sun ba ni, roƙo ɗaya nake yi. Ranar da zan sauka, kyamarata tana can ƙasan akwati, na naɗe ta da riguna. Ki miƙa wayarki ga duk wanda yake wucewa, ko bai taɓa ɗaukar hoto ba, ko zai yanke mini kai. Ki tsaya yadda kika tsaya a wancan hoton, ki bar mini hagunki. Zan zo in tsaya.

Umma tana gaishe ki. Ki kula da ƙafar nan.

Mijinki,
Mai Hoto