Karan Awon Malam Iro

Zuwa ga aminina, marigayi Malam Iro na Gaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Ni ne Garba, wanda ake ce wa Malamin Awo. Yau wata bakwai da rasuwarka, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai kai.

Ka tuna yadda ka same ni. An sallame ni daga aikin awon gyaɗa a Ajingi saboda burkutu, matata ta kwashe 'ya'yanmu ta koma gidansu a Toranke. Ka tarar da ni kwance a bakin kasuwa, ƙudaje na bin bakina. Ba ka yi mini wa'azi ba. Cewa ka yi kai ma ka shekara tara kana sha, kuma kuna neman mai gwada gawa.

Ku huɗu ne masu haƙa kabari saboda Allah, ukunku tsofaffin mashaya. Aikina shi ne in an yi rasuwa in tafi da karan dawa, in gwada tsawon mamaci, in karya karan daidai, in kawo muku maƙabarta. Kakan ce, "Garba, mutuwa ba ta aiko da ɗan aike. Mai kara ba shi da ranar buguwa." Tsoron kada a zo nemana a same ni a buge shi ya fara riƙe ni, kafin tsoron Allah ya dawo mini.

Ranar Alhamis bayan la'asar mukan zauna gindin tsamiyar maƙabarta, ka fasa goro ɗaya gida biyar, kowa ya faɗi yadda ya kwana da zuciyarsa. Sau biyu na koma sha a shekarar farko. Ba ka karɓe karan ba. Alwala ka sa na yi, ka ja ni sahu.

A shekarun farin nan na gwada yara da karan da bai kai tsawon hannuna ba. Ko ɗigo ban sha ba.

Sauran ukun suka tafi ɗaya bayan ɗaya, sannan kai. Ni na gwada ka, Iro. Idona ba ya gani don hawaye, na karya karan da ragin taƙi guda. Da aka zo sa ka, kabarin bai ɗauke ka ba. Aka mayar da kai kan makara, kana cikin rana, ana ƙara haƙa. A bayana na ji wani ya ce, "Ai ya koma ruwa."

Wallahi shekara goma sha uku ban ɗanɗana ba. Amma wanda zai shaide ni shi ne a kan makarar.

Tun daga ranar ba a sake aikowa nemana ba. Masu haƙa na yanzu da igiya suke awo. Ba na jin an yi rasuwa sai bayan an binne. In na je tsamiya ranar Alhamis, ni kaɗai nake cin goron.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwana. Makon jiya na ce tunda an ce na koma, bari ya tabbata. Na kama hanyar ƙauyen da ake dafa burkutu. Ina so in rubuta maka cewa imani ne ya juyo da ni, amma ban taɓa yi maka ƙarya ba. Gwiwa ce ta ƙi. Na zauna bakin wata gona har rana ta yi sanyi, wani Bafillace ya ɗora ni a jakinsa ya kawo ni gida.

Yau da safe na ji gwiwar ta fara sauƙi, kuma abin da nake tsoro ke nan.

Ya Allah ka ji ƙan Iro, ka yafe mini ranar da na bar shi a cikinta. In ka san ƙafar nan za ta kai ni can, ka ɗauke ni kafin ta warke.

Naka har mu haɗu,
Garba Malamin Awo