Gashin Zabo a Ƙofar Ɗaki

Daren Talata, Malumfashi

Raina a ɓace yake. Tunda maƙwabta suka zuba shinkafar ɓera a rumbunansu na daina barin kyanwata fita. Zaman ɗaki ya ishe ta, har gidan saurona ta yaga. Shi ne na ɗaure gashin zabo da totuwar masara a zare na rataya mata a ƙofa, ta samu abin yi wa tsalle.

Yau na dawo na tarar Gwaggo ta ƙone shi ƙurmus, wai asiri aka yi mini!

Na ce, "Gwaggo, ni na ɗaura da hannuna."

Ta ce, "Ai haka asirin yake sa mutum."

Yanzu ga kyanwar tana yagar gyalen da Gwaggo ta manta a ɗakina. Ina kallo, wallahi ba zan hana ta ba.