Gyaran da Baban Nabila Ya Bari

Litinin, 6 Mayu 2024
Na fita takaba, yau na koma aiki. Kafin azahar saba, babbar kwamfutarmu, ta faɗi sau biyu. Ita ke raba fayiloli ga duk kwamfutocin makarantarmu ta wani tsari da ake kira NFS. Maigidana, Baban Nabila, ya haɗa ta da hannunsa, ni ina miƙa masa wayoyi.

Talata, 7 Mayu
Ta sake. Da malamai sun buɗe jakar sakamakon jarrabawa tare, sai kanel, zuciyar manhajar, ya sume, komai ya tsaya cak. Shugabanmu Malam Tukur ya ce, "Malama Rukayya, ɗiyan mutane na jiran sakamako Jumma'a ta sama."

Alhamis, 9 Mayu
Na canza wayoyinta. Na gwada ma'adana. Junaid, abokin aikina, ya ce zafin garin ne. Ba zafi ba ne.

Asabar, 11 Mayu
Na gano. Kundin kurakurai ya kai ni ga wani ɗan gyara da aka cusa wa kanel don ya ƙara sauri. Kwamfuta biyu suka nemi fayil ɗaya, sai ya rikice. A samansa Baban Nabila ya rubuta: "Na wucin gadi. Zan gyara bayan hutu, in sha Allah."
A hutun nan mota ta kife da shi a hanyar Kalambaina.
Na daɗe ina kallon layin.

Litinin, 13 Mayu
Junaid: "Mi kinka gani?" Na ce ba komai. Allah ya yafe mini. Ba na so a ce ya yi kuskure alhali ba ya nan balle ya kare kansa.

Laraba, 15 Mayu
Saba ta faɗi daidai lokacin da Malama Tani ke tsakiyar adana makin ajinta. Aikin kwana biyu ya tafi. Ta zauna tana hawaye, da tsohon cikinta. Wannan kam ba laifinsa ba ne. Nawa ne.

Alhamis, 16 Mayu
Na cire gyaran. Na gaya wa Malam Tukur gaskiya duka. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Wa ba ya kuskure?" Shi ke nan fa.

Litinin, 20 Mayu
Kwana huɗu ba ta faɗi ba, sakamako ya fita. Na iske wani wurin kuma da ya bari rabi da rabi. Sai na ji bakina ya ce, "Kai dai ba ka taɓa ƙarasa abu ba." Da ƙarfi. Har na yi dariya kafin in tuna.
Na ƙarasa masa.