Ku Sauke Sunana Daga Shafinku: Kukan Mai Wasan "Shanu a Wata"

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙirƙirar Wasannin Salula da ke Yamai, tare da sauran membobin kwamitin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Sunana Illa, ina gyaran wayar salula da sa mata sharji, wato caji, a wata rumfa bakin kasuwar Filingue. Ni ne na yi wasan nan "Shanu a Wata" da kuka cire daga gasarku ta bana. Na rubuto muku sau uku ta imel, amsa ɗaya nake samu, wadda da gani na'ura ce ke turo ta. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah zai sa ta faɗa hannun mai karantawa.

Na ɗaya, ku san abin da kuka cire. Kun ba mu kwana uku, kuka ce kowa ya yi wasa a kan sararin samaniya, kuma ya zama na ban dariya. Ni ban taɓa ganin kumbo ba sai a hoto, don haka na ɗauki abin da na sani. A cikin wasan, wani Bafulatani ne ya gaji da rigimar ɓarnar gona, ya ji labarin babu manomi ko ɗaya a duniyar wata. Sai ya ɗinka kumbo da ƙore, ya loda shanunsa, ya tashi. Yana sauka ya tarar wani Ba'are, ɗan ƙabilar Arawa, ya riga shi, har ya shuka hatsi yana zaune yana gadi. Aikin mai wasa shi ne ya riƙa tare shanun, don a can ba su da nauyi, suna yawo sama ƙafafu a miƙe, kada su faɗa gonar. Duk saniyar da ta ci zangarniya, sai manomin ya zazzaga wa makiyayin tsiya, shi kuma ya rama.

Muryar manomin tawa ce. Muryar makiyayin ta Bube ce, abokina, wanda ke kiwo ta wajen hanyar Sanam, kuma ya fi shekara goma yana kawo mini salularsa duk ranar kasuwa. Kakana Ba'are ne da ya zo ya zauna nan yankinmu na Kurfai, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san akwai wasa tsakanin Arawa da Fulani tun kaka da kakanni. Ni in ce masa bawana, shi ya ce ubangidana ya iso, in tashi in ba shi kujera. Ranar da muka ɗauki muryar sai da muka maimaita wuri ɗaya sau shida, don dariya ta hana Bube ƙarasa magana. Rabin tsiyar da ke cikin wasan shi ya ƙirƙiro ta, kuma tasa ta fi tawa zafi nesa ba kusa ba.

Na biyu, laifina, don ba zan ɓoye ba. Ƙa'idarku ta ce duk maganar da ke cikin wasa a rubuta ta da Faransanci a ƙasan allo. Na rubuta tawa, wadda na yi da Hausa. Ta Bube da Fulatanci take, ni kuwa Fulatancina bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Ina jin inda ya dosa, amma ba zan iya juya ta kalma da kalma ba. Shi ya riga ya koma daji, inda babu rezo balle in kira shi, lokaci kuma ya ƙure. Sai na tura haka nan, ina cewa ai kowa zai ji daga muryarsa cewa ramawa yake yana dariya. Ashe mutanen da za su buga wasan karatu suke yi, ba saurare ba. Abin da suka gani shi ne mutum ɗaya yana kiran wani bawansa, ɗayan kuma yana surutun da ba a fassara ba. Wannan wauta tawa ce, na ɗauka.

Na uku, ra'ayin 'yan wasa. Kwana biyun farko da kuka sa wasan a shafinku don mutane su buga, na ji daɗin abin da aka rubuta mini, har da sukar. Wani ya ce shanun sun cika nawa, wata ta ce maɓallin sandar kora shanu ya yi ƙanƙanta, babban yatsa ba ya kama shi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Wani ma ya ce ya yi dariya har 'yarsa ta ƙwace salular don ta ga saniyar da ta kife. Ban taɓa sanin mutumin da bai san ni ba zai zauna ya duba aikina ba, na karanta wannan saƙo ya fi a ƙirga. A rana ta uku mutum uku suka rubuta cewa wasan cin mutuncin ƙabila ne. Ban ga laifinsu ba, abin da na sa a gabansu suka karanta. Amma ku da kuka shirya gasar a ƙasar nan kuke zaune, kuma ban yarda a cikinku duka babu mai abokin wasa ba. Ba wanda ya kira ni ya tambaye ni. Kafin la'asar kun cire wasan, kun bar sunana da hotona da sunan garina, kun rubuta a ƙasa cewa an kore ni saboda ƙasƙantar da wata al'umma.

Na huɗu, na bi hanyar ƙorafin da kuka shimfiɗa. Na jira ranar kasuwa, Bube ya zo, na ba shi labari. Da farko dariya ya yi, ya ce dama ya san Ba'are ko wata ya je sai ya jawo magana. Ya karɓi salula ya yi muku saƙon murya mai tsawo, da Hausa da Fulatanci, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce muryarsa ce kuma da yardarsa aka yi. Na tura. Aka amsa mini cewa ba a karɓar shaida sai a rubuce, da Faransanci, daga adireshin mai shaidar. Bube bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba shi da imel, ko sunansa da dangwala yatsa yake sa shi. Kun ce kuna kare mutuncinsa ne, amma da ya buɗe baki da kansa ba ku da wurin da za ku sa maganarsa.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a Yamai ya ɗauki hoton shafin nan naku ya turo gida. Cikin mako guda ya zagaye salulolin Filingue, ya kai Baleyara, ya shiga rugage. Wasan bai bi shi ba, tunda kun cire. Hotona kawai ke yawo da jan rubutu a ƙasa, wanda ya iya Faransanci yana fassara wa wanda bai iya ba, kowa yana ƙara nasa gishiri. Kun fi ni sanin halin da ake ciki a yankinmu, inda manomi da makiyayi suke kallon juna da taka-tsantsan, magana ƙarama tana iya zama wani abu. Makiyayan da ke cika mini tebur da salulolinsu sun koma rumfar gaba. Ba su zage ni ba, wucewa kawai suke yi suna kallon wani gefe.

Kasuwar da ta wuce Bube ya zo. Na hango shi na gyara bakina zan tsokane shi, sai ya yi sallama ya tsaya daga waje kamar baƙo. Ya gaishe ni da Malam Illa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Manyansu ne suka zaunar da shi, suka ce ya sayar da muryarsa an yi wa Fulani dariya a duniya. Ya yi musu bayani, suka nuna masa hoton shafinku suka ce to su waɗannan masu ilimin ƙarya suka yi? Abin da ya ce mini ke nan: "Ban yi hushi da kai ba, Illa. Amma an ce in bari, kuma na bari. Ka hidda muryata daga cikin na'urarka." A gabansa na goge komai, da wasan da abin da muka ɗauka, don ba ni da bakin hana shi. Ya yi godiya ya tafi, ko zama bai yi ba. Wallahi na fi son ya zage ni da wannan ladabin da ya yi mini.

Saboda haka ba na roƙon ku mayar da wasan cikin gasa. Mai muryar ya ce a bari, ni ma na haƙura da horon da kuka yi wa waɗanda suka yi fice alkawari, duk da na sa rai ƙwarai. Roƙona uku ne. Ku sauke sunana da hotona daga shafin nan. Ku nemi mutum ɗaya mai jin Fulatanci, Yamai ba ta rasa shi ba, ya buga wasan daga farko har ƙarshe, ya faɗa muku abin da Bube ke ce mini a ciki. Idan kun ji, ku yi magana da baki, da Hausa ko Fulatanci, ku turo mini saƙon murya da zan iya kunna wa mutane a rumfa, don takarda ba za ta kai inda hoton ya kai ba.

Ban san ko za ku karanta wannan ba. Ba ni da kowa a Yamai da zai shigo ofishinku, ba ni da ikon tilasta muku komai, kuma ko kun yi duk abin da na roƙa ba ni da tabbacin zai dawo mini da abokina. Abu ɗaya nake haɗa ku da Allah a kansa: kada ku goge kwafin da ke hannunku. Shi kaɗai ya rage, kuma nan ne kawai za a ji ni da Bube muna zagin juna muna dariya.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya raba ku da yanke wa mutum hukunci ba ku ji ta bakinsa ba, ya bar ku da abokan wasanku.

Wassalam.

Illa mai sharji,
Bakin kasuwa, Filingue.