Ɗana Ya Daina Gaya Mini Inda Ke Yi Masa Ciwo

Assalamu alaikum Anti mai filin shawara. Don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin in Asabar ta zo ta same mu a yadda muke, ban san a gidan da zan kwana ba. Ki yi haƙuri in kin ga ina ta kewaye-kewaye, hankalina ba a jikina yake ba.

Ni tela ce, a falonmu nake ɗinki. Maigidana mai walda ne. Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, yana cikin shekararsa ta biyar, kuma yana da sikila. Duk wadda ta raini mai wannan ciwo ta san abin da nake nufi ba sai na faɗa ba. Na san kukansa na yunwa, na san na rigima, na kuma san wancan kukan, wanda in ya fara sai in ji kamar ƙashina ake sara. Shi ya sa tun yana koyon magana na kafa doka: duk ranar da ya ce wani wuri yana yi masa ciwo, ko da ɗan yatsa ne, to sati guda ba shi ba ƙofar gida. Ya zauna kusa da ni, ga ruwa a gora, ga rigar sanyi, ga ƙyallaye ya yi wasa da su. Surukata har tsiya take yi mini, wai na mai da jikanta ƙwai, saura in nemo kwando in saka shi. Ni dai ba na tanka mata, ai ba ita ke kwana a kan kujerar asibiti ba.

Uban kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba, yana son yaron nan kamar ya haɗiye shi. Amma mutumin da ya wuni yana dukan ƙarfe gani yake kowa ma ƙarfe ne. Shi ya laƙaba masa suna Soja, sunan ya bi shi, har ni yanzu da shi nake kiransa. Ya samo wani tsohon keken yara ya gyara, ya ƙara masa ƙananan tayoyi a baya don kada ya kife, ya shafe shi da jan fenti. Duk Asabar da yamma in ya rufe shago sai su tafi filin da ke bayan makarantar unguwarmu. Ni dai ba sa fita sai na cika gora, na rataya rigar sanyi a jikin keken, na kuma ɗaga kai na dubi sama.

Na taɓa bin su sau ɗaya. Yaro na tuƙi, uban na binsa da gudu yana haki da tumbinsa, sai ka ce da shi ake gasar. In yaron ya faɗi ba ya ɗaga shi, sai ya tsaya ya ƙame, ya sara masa, ya ce soja ba ya kuka. Shi kuma ya miƙe yana kaɗe gwiwa, leɓe na rawa, ya sara. A lokacin dariya na yi, ban ga wani abu a ciki ba. Kuma tsakani da Allah, duk ranar da suka je filin nan ya fi cin abinci, ya fi yin barci.

To a watan jiya, wata Laraba, ya ce mini ƙafarsa tana ɗan yi masa ciwo. Na ba shi magani, kafin yamma ya ware, amma doka doka ce, na ce wannan Asabar ba zuwa fili. Ya yi kuka har ya gaji, ya je ya kama ƙarfen taga yana kallon yaran layi suna buga ƙwallo. Na ƙi duban inda yake, na ci gaba da ɗinkina.

Ranar Asabar na bar shi da uban na tafi kai wa wata mata kayanta. Matar ga ta da iyayi, a rage nan, a ƙara can, na daɗe ban dawo ba. Ashe ina fita uban ya dubi yaro a bakin taga, zuciyarsa ta karye, ya ce su yi maza su je su dawo kafin in shigo. Da yake fitar sata ce, ba gora, ba rigar sanyi. Ina ɓarawo ina tsayawa cika gora? Suna can hadari ya taso, ruwa ya yi musu dukan tsiya kafin su kawo gida. Uban ya tsane masa jiki, ya canza masa kaya, ya cusa jiƙaƙƙun a ƙarƙashin kayan wanki, har tayoyin keken ya goge. Ya ce wa yaro wannan sirrin sojoji ne, kada Mama ta ji.

Na dawo na same su a falo kamar ko motsi ba su yi ba. Na tambayi yaro ko akwai inda ke ciwo, kamar yadda nake yi safe da yamma, ya ce babu. Washegari da safe na sake tambaya, ya ce babu. Bai ci abincin kirki ba, na ɗauka fushin hana shi fili ne. Da rana ina yankan wani yadi sai na ji gidan ya yi tsit da yawa. Na kira, shiru. Na duba ɗaki, na duba bayan tankin ruwa, har waje na leƙa. Ashe yana ƙarƙashin teburin da nake yanka a kai, dab da ƙafata. Ya dunƙule cikin ƙyallaye, ya cusa ɗaya a baki ya cije, hawaye na zuba ba sauti, jikinsa zafi rau. Anti, ko takalmi babu a ƙafata na isa bakin titi da shi.

Mun yi kwanaki a asibiti, ƙarin ruwa, allurai, har sai da aka ƙara masa jini. Da nas ta tambaye shi tun yaushe ciwon ya fara, sai da ya dubi uban sannan ya ce tun jiya. A nan uban ya kasa daurewa ya faɗi komai a gaban mutane. Nas ta tambayi yaron me ya hana shi faɗa. Ya ce in ya faɗa Mama za ta hana shi zuwa fili, kuma Baba ya ce soja ba ya kuka. Kin ji ko, Anti? Baba ya ce. Da bakinsa ya koya wa yaro mai sikila haɗiye ciwo.

Muna dawowa gida na sa sarƙa da kwaɗo na ɗaure keken a ƙarfen taga, makullin na ƙulle a bakin zanena. Na san mai walda ne, in ya so yankewa ba za ta ɗauke shi komai ba, amma bai taɓa ta ba. Ya ba ni haƙuri har da hawaye, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni gidansa. Na ce na ji, amma maganar fili ta ƙare.

Yanzu kuma ya dawo da zancen. Wai yaro yana ramewa a zaune, wai ko fursuna ana fito da shi ya sha iska, wai likita bai ce a kulle shi ba. Shekaranjiya muka yi ta har maƙwabta suka jiyo mu. Ya rantse Asabar ɗin nan sai ya fita da ɗansa, da keke ko ba keke, kuma a gaban idona. Ni ma na rantse in ya ƙetare ƙofar nan da shi, zai dawo ya tarar na haɗa kayana, daga hannunsa zan karɓi yaron mu wuce gidanmu. Daga ni har shi kuwa ba mai lashe amansa.

Amma wallahi ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Yaron ya daina gaya mini komai. Kafin in rufe baki da tambaya ya ce babu. Jiya na hango shi yana ɗan ɗingishi daga banɗaki, yana ganina ya miƙe ƙafa ya kama tafiyar soja. Na lallashe shi, na yi masa tsawa, amsar dai ita ce babu. Yanzu da ido nake binsa, ina taɓa goshinsa, in ya yi barcin rana in riƙa latsa gaɓoɓinsa ko zai yamutsa fuska. A satin nan har yadin mutane na ɓata. Da can kukansa ke sanar da ni, yanzu ba ni da abin da zai sanar da ni, kuma tsoro nake ji.

Shin laifi na yi da na kulle keken? Wadda maciji ya sara ai ko tsumma ta gani sai ta gudu. In tafi gidanmu ne ko in tsaya? Yaya zan yi ɗana ya koma gaya mini gaskiya?

Taki cikin damuwa,
Maman Soja

Wa alaikumus salam, Maman Soja. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Na sa wasiƙarki a gaban sauran saboda Asabar ba za ta jira mu ba.

Kafin komai, ɗingishin nan da kika gani jiya kada ki zuba masa ido. Ku kai shi wurin likitansa yau ko gobe, ke da uban tare. Kuna can ku tambaye shi dalla-dalla wane irin wasa ya dace da yaron, na tsawon wane lokaci, kuma wace alama ce in an gani za a tsaya. Ni ba likita ba ce. Abin da na sani shi ne yawancin yara masu wannan ciwo ba a hana su wasa, kiyaye su ake yi da yawan shan ruwa, da hutawa, da guje wa sanyi da tsananin rana, zazzaɓi kuma ba a jira da shi. Abin da likita ya faɗa a kunnen ku biyun shi ne zai zama doka a gidan.

Maigidanki ya yi kuskure, kuma babba. Fita da yaro irin wannan ba ruwan sha ba abin rufa ganganci ne, wanda ya fi shi muni kuma shi ne sa yaro ya ɓoye wa uwarsa magana. Fushinki yana kan hanya.

Sai dai ki koma ki karanta abin da kika rubuto mini da hannunki. Dalili biyu yaron ya ba nas, kika ɗauki na biyu kika bar na farko a ƙasa. Ranar Laraba ya faɗa miki gaskiya, ladan da ya samu shi ne sati guda a bakin taga, alhali ya ware tun kafin yamma. Yara sun fi mu iya lura da irin wannan. Uban ya nuna masa shiru jarumta ce, dokarki kuma ta nuna masa magana asara ce, sai ya haɗa biyun ya shige ƙarƙashin tebur. Na san so da tsoro ne suka haifi dokar, ba wanda zai zarge ki. Amma garin neman gira kada a rasa ido. Yaron da ke wasa a fili yana faɗin ciwonsa ya fi wanda ke kulle a falo yana ɓoyewa samun kariya.

Saboda haka kowa ya warware abin da ya ƙulla. Uban ya zaunar da yaron a gabanki, ya ce masa ya yi kuskure, sojan kirki in ya ji rauni gaya wa manyansa yake yi, kuma daga yau ba sauran sirrin da Mama ba ta ciki. In ƙarfe ya ƙone shi a shago, ya zo ya nuna wa yaron tabon ya ce ya ji zafi. Wa'adin Asabar ma ya janye shi, ɗa ba abin ja-in-ja ba ne.

Ke kuma ki soke dokar sati, ki faɗa wa yaron da bakinki kin soke. In ya ce ciwo, a duba a yi magani. In ya ware kuma likita bai hana ba, fili yana nan. In dole ta sa aka fasa, a sa masa wata rana kuma a cika. Ki rage yawan tambaya da latse-latse, yaron da ake tsarewa da tambaya amsar mai laifi yake bayarwa. Fitar farko ki bi su da gorarki, ki zauna a inuwa, ki bar su su yi wasansu. Mutumin da zai iya yanke sarƙa bai yanke ba, jira yake ki buɗe da kanki, kuma wannan ma girmamawa ce.

Tafiya gidanku ba za ta raba yaron da ciwon ba, shirun ma binsa zai yi, ya ƙara da tunanin cewa shi ya raba iyayensa. Rantsuwar da kuka yi cikin fushi ku tambayi malami, tana da kaffara. Yaron ne ba shi da madadi.

Kada ki sa ran zai dawo da gaskiya rana ɗaya. Zai fara gwada ki da ƙaramin abu ya ga abin da zai biyo baya. Ranar da ya zo yana raɓe-raɓe ya nuna miki wani wuri ya ce yana ciwo, zuciyarki za ta ce ki tashi ki rufe ƙofa. Ki danne ta. Ki durƙusa ki duba wurin, ki ce kin gode da ya gaya miki. Abin da ya gani a fuskarki ranar shi zai sa ya sake faɗa ko ya sake yin shiru.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya raya muku shi, ya sanyaya zukatanku ku biyun.

Antinku