Ita Aka Zaɓa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Allah na tare da ke a makwancinki, ni ce autarki Rabi, daga Ƙanƙara. Jiya jikanki ya lalubo mini waƙar nan ta Jamus a wayarsa, na ji dole in yi miki magana. Masu leƙen abin da nake rubutawa su leƙa, so nake su san irin kunnen da Allah ya ba ki.

Kin tuna lokacin da kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta tura Yaya Sani Jamus koyon gyaran tarakta. Ya tafi ya bar Hauwa ta Pauwa da alkawari, har an kai gaisuwa. Ana nan sai ga kaset ya iso mana Ketare ta hannun wani direban Faskari, shi ma a hannun wani ya karɓa. Saƙon bakin da ya biyo shi guntu ne: a ce musu ita aka zaɓa.

Aka kunna a tsakar gida. Muryar yarinya ce, siririya, tana waƙa da yaren da ko Malam Ado mai rubuta wasiƙa bai ji ba, ta gama jama'a suka ɗau tafi. Baba ya yanke hukunci nan take. Da kaset ake aiko gaisuwa a lokacin, kuma ɗa mai kunya ba zai ce wa ubansa "na yi aure" ba, "aka" zai ce. Ashe suruka ce ke gaishe mu! Ya ce ran Juma'a zai je Pauwa ya ce su ba Hauwa wani, ba a riƙe 'yar mutane a banza.

Ke kuwa kika ɗauke rikodar kika shige ɗaki. Kika yi ta maimaitawa har batur ya mutu, kika shanya shi a rana, kika sake. Da kika fito, tsaye kika yi masa magana: "Malam, ban jin yarenta, amma na san muryar amarya. Ɗiyar nan roƙo take, ba gaisuwa ba. Kuma wace amarya aka taɓa yi ma tafi tana gaida surukai?" Kika ce a jira wancan ya dawo, don har kika bar duniya ba ki kama sunan ɗan farinki ba. Baba ya yi faɗa, ya yi fushi da tuwonki, amma bai je Pauwa ba.

Da Yaya ya dawo ya ji labari, dariya ya fara, har ya ga fuskar Baba. Ashe gasa ce ta ƙasashen Turai, kowace ta kawo waƙarta, aka zaɓi ta yarinyar Jamus. Murna ce kawai ta sa ya aiko. Abin da take roƙo kuwa zaman lafiya ne a duniya. Batur kawai kika ce Baba ya biya ki.

Inna, ina alfahari da ke. Hauwa matar Yaya na zaune kusa da ni jiya, furfura ta cika mata kai, jikarta na barci a cinyarta. Waƙar na ƙarewa ta share ido ta ce, "Rabi, ni kam Inna ce ta zaɓe ni."

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba ki zaman lafiyar da kika jiyo a muryar baƙuwa, ya haɗa mu a Aljanna.

Taki har abada,
Rabi